Kafin ka ɗauki waya, ɗauki alƙalami

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ake tunawa da shi a ranar 10 ga watan Oktoba ta kowace shekara, wato ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, sannan a jingine shi sai baɗi. A irin wannan rana masana kan cika gidajen rediyo suna kira ga wanda damuwa ta yi wa yawa da ya nemi shawarar ƙwararru, kuma tun bayan annobar korona ta 2020 aka ƙara da cewa wanda ba zai iya zuwa asibiti ba yana iya ganawa da ƙwararren ta waya ko ta intanet. Kiran yana kan hanya, sai dai har yau ban ji an zauna an bayyana wa mutumin Pantami ko Bolari ko Jekadafari yadda zai yi wannan ganawa ta amfane shi ba, alhali yana zaune a gidan da ɗakinsa ke jingine da na ƙanensa, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, kuma an raine shi a kan cewa namiji ba ya faɗin abin da ke cikinsa. Ni malamin makarantar sakandare ne a nan Gombe, na bi wannan hanya da ƙafata, kuma wayar ba ta yi mini aiki ba sai da na haɗa ta da alƙalami da takarda.

Shekara uku ke nan da ƙanena ya rasu a haɗarin mota a hanyar Bauchi, gab da shiga Alƙaleri, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, nauyinsu kuma ya dawo wuyana. A kwanakin zaman makoki ban san akwai wani abu tare da ni ba, domin ƙofar gida cike take da jama'a, wannan ya ce Allah ya jiƙansa, wancan ya ce sai haƙuri, ni kuma ina amsawa ina kai da kawo da tabarmi da ruwan sha. Sai da aka yi sadakar arba'in, aka naɗe tabarmin, kowa ya kama gabansa, sannan barci ya ƙaurace mini. Nakan farka da misalin ƙarfe biyu na dare in yi ta lissafin kuɗin makarantar marayun, daga nan sai tunani ya karkata zuwa maganar ƙarshe da ta haɗa ni da marigayin, wadda ba mai daɗi ba ce, don kuwa a kan gonar gado muka rabu rai a ɓace, kwana tara kafin rasuwarsa. Wata rana ina tsaye a gaban allo da alli a hannuna, 'yan aji biyar sun zuba mini ido, sai na nemi abin da nake koyarwa na rasa. Na ce musu su buɗe littafi su karanta, na fita na tsaya a gindin dogonyaro har aka kaɗa ƙararrawa.

Ciwon kai ne ya kai ni asibiti, kamar yadda yake kai yawancinmu. Likitan ya auna jinina ya ga ya hau, ya rubuta magani, sannan ya ajiye biro ya ce, “Malam, me yake hana ka barci?” Na ce masa babu komai, lafiya lau. Ya yi murmushi ya ce ya san an koya mana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma abin da yake gani kullum a wannan kujera shi ne, abin da aka danne a ciki yakan ɓullo ta ƙeya ko ta ƙirji ko ta hawan jini. Ya ce tun da ba zan faɗa masa ba, ga shi kuma layi yana jiransa a waje, in biya ta kanti in sayi littafin rubutu irin na ɗalibaina in riƙa faɗa wa littafin. Na ɗauki maganar raini ce, amma duk da haka na sayi mai falle 40, ya yi mako biyu a ƙarƙashin filo ban taɓa shi ba. Daren da na buɗe shi, kalma huɗu kawai na iya rubutawa: ban nemi gafararsa ba. Na daɗe ina kallon layin da hasken tocila, sannan na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Da hankalina ya ɗan kwanta, sai na ga babu wani baƙon abu a shawarar likitan, domin Bahaushe ya daɗe da sanin dangantakar rubutu da waraka, kuma da wuya a samu wanda bai sha rubutu ba a cikinmu yana yaro, an wanke allo an miƙa masa a ƙoƙo. Allah ya kiyaye in kwatanta littafina da ayoyin Ubangiji, ina nuni ne kawai da cewa alƙalami ba baƙo ba ne a ɗakin mai jinya a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta rubuta marsiyya lokacin da ta rasa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, ta kuma rubuta wata da ta rasa mijinta Waziri Giɗaɗo, kuma babu malamin da ya ce imaninta ya yi rauni don ta zuba baƙin cikinta a takarda. A cikin Suratu Yusuf, Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah yake kai kukansa. Maƙwabtanmu Kiristoci na Billiri da Kaltungo kuma sun san yawan koke-koken da ke cikin Zabura. Na kawo wannan ne saboda abin da ya fi hana mutanenmu buɗe baki shi ne tsoron kada a ce sun kasa karɓar ƙaddara, alhali haƙuri daban ne, haɗiye magana har ta zama ciwo kuma daban.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada abin a aikace. A 1986 wani masani ɗan Amurka, James Pennebaker, tare da abokiyar aikinsa Sandra Beall, ya sa wasu ɗaliban jami'a yin rubutu na minti 15 har kwana huɗu a jere, wasu a kan abubuwan yau da kullum, wasu kuma a kan wani mummunan abu da ya taɓa samunsu. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru haɗe da yadda suka ji a ransu sun tashi daga rubutun rai a jagule fiye da sauran, amma a watanni shida da suka biyo baya sun fi ƙarancin zuwa asibitin makaranta. An maimaita irin wannan gwaji sau da yawa a ƙasashe daban-daban, kuma gaskiyar magana ita ce amfanin da ake samu matsakaici ne, ba kowa yake samunsa ba, ba ya kuma maye gurbin magani. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da Pennebaker ya lura da shi daga baya, cewa waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda rubutunsu ke sauyawa daga rana zuwa rana, suna ƙara yawan kalmomi irin su “saboda” da “na gane”, wato suna mayar da hargitsin da ke kansu labari mai kai da gindi.

Na ga wannan da idona a littafina. A makon farko magana ɗaya nake ta nanatawa kowane dare, kuma na lura cewa wanda yake rubuta zargin kansa iri ɗaya kullum ice kawai yake ƙara wa wuta. Don haka na sa wa kaina doka. Ina zama bayan sallar isha'i, ina duba agogo, kuma ba na wuce minti 20 ko da magana ba ta ƙare ba. Da Turanci na fara, tun da shi ne harshen aikina, sai na ga abin yana fitowa kamar takardar neman hutu da ake kai wa shugaban makaranta, babu ni a ciki. Da na koma Hausa, kalma ɗaya kamar “ƙunci” ko “nadama” sai ta ɗauke abin da sakin layi guda na Turanci ya kasa ɗauka. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne daina gyara, domin hannun da ya saba riƙe jan biro shekara da shekaru ba ya ganin kuskuren rubutu ya ƙyale. Wasu darare wasiƙa nake rubuta wa marigayin, ina kiransa da sunan da nake tsokanarsa da shi muna yara. Layukan ƙarshe kuwa kullum na gobe ne, abin da zan biya da wanda zan kira, domin abin da aka ajiye a takarda ba ya buƙatar a yi ta gadinsa a ka har asuba.

Sai dai littafi ba ya mayar da amsa, kuma bayan wata biyu na gane ina buƙatar mutum. A nan ne na fahimci irin ƙarancin da muke ciki. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma a shekarar farko ta korona ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari. Nijeriya mai mutum sama da miliyan 200 kuwa likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, kuma dokar da ta yi ta aiki da ita a wannan fanni ita ce dokar mahaukata ta 1958, ta zamanin Turawan mulki, har sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi suna da sashen wannan fanni, akwai kuma manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Maiduguri da na Barnawa a Kaduna, amma mutumin Nafaɗa ko Dukku ko Balanga sai ya lissafa kuɗin mota da yinin da zai ɓata. Ko mu na cikin gari akwai abin da ke tsare mu, domin duk wanda aka gani a bakin wannan sashe, kafin magariba an gama yaɗa cewa ya taɓu, kuma maganar tana iya bin 'yarsa har ranar da za a zo neman aurenta. Saboda haka ganawa ta waya rahama ce gare mu, idan an san yadda za a yi ta.

Ni ban sani ba a karon farko. Na ga wani a Facebook yana tallar kansa a matsayin ƙwararren mai ba da shawara, da hoto cikin kwat da dubban mabiya, na tura masa naira 15,000, muka sa lokacin kiran bidiyo. Na zauna a ɗakina da yamma, yara suna leƙowa, uwargida tana daka a tsakar gida, don haka muryata ba ta wuce raɗa ba. Kiran ya yanke sau uku, kuma duk lokacin da ya dawo sai mutumin ya ci gaba da huɗubarsa da Turanci a kan ƙarfin zuciya, ya kuma rufe da tallata mini wani haɗin ganye da yake sayarwa. Bai tambaye ni ko ina barci ba. Amma don in yi adalci, rabin laifin nawa ne, domin ban tambaye shi inda ya yi karatu ba, ko asibitin da yake aiki, ko kuma, in likita ne, lambar rajistarsa a hukumar rajistar likitoci ta ƙasa, wato MDCN. Kuma da ya ce in faɗi matsalata, abin da ya fito daga bakina shi ne “a'a, ɗan tunani ne kawai”. Ƙwararre na gaske ba ya fushi don an tambaye shi shaidarsa, kuma wanda ya yi alkawarin warkar da kai a zama ɗaya, ko ya haɗa shawara da talla, to, a yi nesa da shi.

Na koma wurin likitan farko a kunyace, shi ne ya haɗa ni da wani masanin halayyar ɗan Adam da ke aiki a wani asibiti a Kaduna, Bahaushe, kuma tun daga zaman farko na ga bambanci, domin kusan duka lokacin ya tafi ne wajen tsara yadda za mu yi. Ya ce mu bar bidiyo mu koma kiran murya, wanda bai kai shi cin data ba kuma ya fi jure raunin sabis, ni kuwa na ga rashin haɗa ido da shi ya rage mini kunya ƙwarai. Muka tsayar da Asabar bayan la'asar, minti 45, zama takwas sannan mu duba inda aka kwana, aka kuma faɗi kuɗin tun farko. Muka yarda cewa idan intanet ta yanke, shi zai kira ni ta layin waya kai tsaye, don kada in zauna ina zargin ko maganata ce ta gundure shi. Ya karɓi lambar wani ɗan'uwana da na amince da shi da sunan asibitin da ya fi kusa da ni, ya bayyana mini ƙarara cewa ba zai yi amfani da su ba sai in ya ga raina yana cikin haɗari. Wurin zama kuwa ni na nema wa kaina: aji ɗaya a makarantarmu, wanda ba kowa ranar Asabar sai maigadi da awaki, in cika wayata da caji tun safe, in sa iyafis a kunne, in zauna a bencin ɗalibai.

Da ya ji ina da littafi, sai ya ce, “Malam, daga yau kada ka zo mini hannu rabbana.” Ya bayyana mini dalili, kuma wannan dalili shi ne ya sa na ɗauki alƙalami na rubuto maka. Ya ce idan mutum ya shigo ofishinsa, tun kafin ya yi sallama ya riga ya karanta abubuwa da yawa, ramewa da jan ido da yadda aka zauna da yadda hannu ke rawa, amma a waya duk wannan ya ɓace, ba shi da komai sai abin da na faɗa masa, ga shi kuma ni ɗan gidan “lafiya lau” ne. Littafin ne zai zama idonsa. Don haka kowace safiya nakan rubuta awa nawa na yi barci, ko na ci abinci, da kuma nauyin da nake ji a ƙirji in an auna shi daga ɗaya zuwa goma, sannan daren Juma'a in bi shafukan mako in ja layi a ƙarƙashin abu uku da nake so mu taɓa. Abin da bakina ya kasa furtawa, sai in karanta shi kamar yadda nake karanta wa ɗalibai shifta, kuma karanta abin da aka riga aka rubuta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ƙirƙiro shi a gaban mutum. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma wani sai an ba shi hanyar da zai bi ya tuɓe. Bayan an kashe waya kuma nakan ƙara minti biyar a bencin in rubuta abin da muka tsayar, domin na lura cewa kafin in isa gida rabinsa ya bi iska.

A zama na uku ya koya mini wata dabara daga hanyar jinyar da likitan Amurka Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960, wadda ke koya wa mutum bincikar tunaninsa maimakon gaskata duk abin da zuciya ta raya masa. Na tsaga shafi gida huɗu kamar rajistar aji: abin da ya faru, abin da zuciyata ta ce, yadda na ji, da kuma hujjar da ke goyon bayan maganar zuciyar ko take ƙaryata ta. Wata Laraba matar marigayin ta aiko yaro neman kuɗin magani, ba ni da ko sisi, zuciyata ta ce da ni ya mutu yana fushi da kai, ga shi kuma za ka tozarta 'ya'yansa. Da na zo gida na huɗu ina neman hujja, sai na tuna abin da wata shida na manta da shi ƙurmus, wato kwana biyu bayan rigimarmu ya aiko babban ɗansa da kwano biyar na sabon wake, ya ce a ba yaya. Mai riƙe da fushi ba ya aika wake. Na karanta wa mutumin Kaduna wannan layi ranar Asabar, muka yi shiru mu biyu har na zaci sabis ne ya ɗauke. Bincike da dama ya nuna cewa irin wannan jinya, idan ƙwararre ne ke jagorantarta ta waya ko ta intanet, tana iya yin aiki kusan daidai da ta gaba da gaba ga mai damuwa ko fargabar da ba ta yi tsanani ba, kuma ban yi mamaki ba, domin yawancin aikin a tsakanin zama da zama ake yinsa, a kan takarda.

Akwai haɗari a nan da bai kamata in tsallake ba. Magana zarar bunu ce, rubutacciya kuwa ta fi, domin ita tana jiran duk wanda ya buɗe. A gidajenmu na gandu babu durowar da ba a buɗewa, kuma littafin da mutum ya rubuta fushinsa a kan mahaifiyarsa ko matarsa, in ya faɗa hannun da bai dace ba, yana iya raba zumuncin shekara talatin. Ni a makaranta nake kulle nawa, kuma shafukan da suka gama aikinsu nakan yage su in ƙona, tun da amfanin yana cikin rubutawar ne. Waya ta fi wannan haɗari. Gaskiya ne WhatsApp yana kulle saƙo a kan hanyarsa daga waya zuwa waya, amma wannan bai hana ƙanenka da ya ari wayar don kallon ƙwallo ya karanta ba, haka ma mai gyaran waya a kasuwa. A sa lambar sirri, a kunna tsarin da ke goge saƙo da kansa bayan awa 24 ko kwana bakwai, kada kuma a kai sirrin gida cikin zauren mutum ɗari da ake kira na ba da shawara, inda kowa ke iya ɗaukar hoton abin da aka rubuta. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman, don haka haƙƙin mutum ne ya tambayi mai ba shi shawara ko yana naɗar muryarsa, da inda yake ajiye abin da ya rubuta a kansa.

Na san na yi magana a matsayin namiji mai albashi da makullin aji. Matar da ke cikin gida, wadda damuwa ta rufe bayan haihuwa aka ce iska ce, wadda wayar hannunta ma ta maigida ce, ba ta da ajin da za ta keɓe. Ita rubutaccen saƙo ya fi mata kira, domin ba a jin sautinsa ta bango, kuma ya fi dacewa a haɗa ta da mace ƙwararriya, a kuma jawo mijin cikin shirin tun farko don kada neman lafiya ya rikiɗe ya zama zargi. Wanda bai yi boko ba yana iya yi da ajami, wanda kuma Fulatanci ko Tangale ko Tera ko Waja ne harshen zuciyarsa ya rubuta da shi ko da ƙa'idar rubutun ba ta zauna masa ba, tun da babu mai ba shi maki. Wanda ba ya rubutu sam yana iya naɗar muryarsa ya saurara sannan ya goge. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya fara wani shiri a 2006 inda aka horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraren masu fama da abin da suke kira da harshensu yawan tunani, sunan da mu ma muke kiransa da shi. Mu ma muna da gwaggonni da malaman Islamiyya da ungozomomi da za a iya horarwa su zama tsani tsakanin irin wannan mata da ƙwararren da ke nesa.

Littafi da waya suna da iyaka. Wanda ya fara tunanin kashe kansa, ko yake jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya kwana uku bai runtsa ba yana surutai, ko jikinsa ke karkarwa don ya daina shan ƙwaya, wannan asibiti za a kai shi a ranar, a kuma kira lambar gaggawa ta 112 in abin ya zo da dare. Wanda rubutun ke tayar masa da hankali fiye da yadda zai iya ɗauka, ya rufe littafin sai ya samu mai rakiya. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya ajiye don ya fara jin sauƙi, kuma ni dai ban ga inda addu'a da zuwa wurin likita suka taɓa yin karo ba.

Roƙona ga manyan asibitocinmu na Gombe da Bauchi shi ne su ware sanannun lambobi da sa'o'in ganawa ta waya da Hausa, su sanar a rediyo, domin mai neman taimako ya san ƙofar gaskiya kafin 'yan talla su riga su gare shi. Ma'aikatun lafiya na jihohin biyu kuma su fitar da sunayen waɗanda aka tantance. Kai kuma, Edita, da za ka ware wa wani ƙwararre ɗan gurbi ko da sau ɗaya a wata ya riƙa koya wa masu karatu irin wannan shafi mai gida huɗu, da ka taimaki mutane da yawa da ba za su taɓa rubuto maka ba.

Yanzu ina kan littafi na biyar, kuma yawancin abin da ke cikinsa farashin masara ne da kuɗin jarrabawa. Gonar da muka yi rigima a kanta bana wake aka shuka, amfanin kuma na marayun ne. Kwanakin baya malamar ajin babbar 'yar marigayin, mai shekara goma sha huɗu, ta ce mini yarinyar ta yi shiru da yawa a aji. Na biya ta kantin nan na sayo mata mai falle 40 da biro, na haɗa mata da ƙaramin kwaɗo don akwatinta, na ce mata makullan duka biyu nata ne.

Naka mai karatu a kullum,
Wani malamin makaranta,
Unguwar Pantami, Gombe.